Yadda ake zama notari, da abin da ke jiran ka bayan an ba ka hatimi

Idan aka miƙa wa banki, ko kotu, ko ofishin jakadanci wata takarda mai cewa wane ya sayar da gidansa, ko ya wakilta wani ya karɓar masa kuɗi, ma'aikacin da ke bayan tebur bai san wanen nan ba. Bai ga lokacin da ya sa hannu ba, bai san ko da hankalinsa ya sa ba, balle ya san ko tsare shi aka yi. Abin da idonsa ke nema shi ne hatimin da ke ƙasan takardar da sunan wanda ya buga shi. Mai wannan hatimi shi ne notari, mutumin da hukuma ta naɗa ya zama shaidar da ba ta ɓangaren kowa. Shi ke tabbatar da cewa mai sa hannu shi ne ɗin da gaske, shi ke rantsar da mai takardar rantsuwa, shi ke shaida cewa kwafi ya yi daidai da takardar asali, a wasu ƙasashen ma shi ke rubuta yarjejeniyar da kansa.

Hanyar samun hatimin sananniya ce, za mu bi ta daki-daki. Amma tun yanzu ka sani cewa cike fom da cin jarrabawa su ne masu sauƙin. Abin da ake naɗa ka dominsa shi ne ka iya duban mutum, wani lokaci ma wanda kake jin nauyinsa, ka ce masa ba za ka buga ba.

Mataki na farko: gano wane irin notari ake yi a inda kake

Yawancin ruɗanin da masu neman wannan aiki ke shiga ya samo asali ne daga karanta ƙa'idar wata ƙasa su ɗauka tasu ce. Sunan ɗaya ne, amma hanyoyin uku ne, kuma sun yi hannun riga.

Ta farko ita ce ta Amurka. A can ba sai kana lauya ba. Ma'aikacin banki, sakatariyar ofis, mai sayar da inshora, duk suna iya zama, shi ya sa notari a ƙasar suka haura miliyan 4. Kowace jiha ke naɗa nata, galibi ta ofishin sakataren jiha, a Fulorida kuma gwamna ne ke naɗawa. Sauƙin shiga ya zo da ƙarancin iko: notarin Amurka da ba lauya ba ba shi da hurumin ba da shawarar shari'a ko rubuta wa mutane yarjejeniya. Jihar Luwiziyana ce ta fita zakka, domin dokarta ta gaji tsarin Faransa da Sifen, notarinta yana rubuta takardun doka kuma naɗinsa na tsawon rai ne.

Ta biyu ita ce ta Ingila da ƙasashen da suka gaji dokarta. Nan sai ka fara zama masanin doka tukuna. A Ingila da Wels gaba ɗayansu ba su kai 1,000 ba, kuma wani abin mamaki, ofishin babban limamin cocin Kantabari ne ke ba su izini har yau, tun da wata doka ta 1533 ta karɓe wannan iko daga hannun Fafaroma. A Nijeriya Alƙalin Alƙalai ne ke naɗawa daga cikin lauyoyi kaɗai, a shigar da sunan mutum a rajistar da babban magatakardan Kotun Ƙoli ke riƙe da ita, kuma doka tana ɗaukarsa a matsayin jami'in wannan kotu. Dokar 2023 ce ke aiki yanzu, bayan ta maye gurbin tsohuwar. A Indiya dokar 1952 ake bi, lauya sai ya shekara 10 yana aiki kafin ya nema, mace kuma 7.

Ta uku ita ce ta Faransa, Jamus, Italiya, Sifen, ƙasashen Latin Amurka da ƙasashen Afirka masu bin dokar Faransa. Nan notari sana'a ce mai zaman kanta, mai daraja kusan ta alƙali. Tsarin Faransa na yau ya kafu kan dokar 1803, ministan shari'a ke naɗawa, kuma takardar da notari ya rubuta tana da ƙarfin da za a iya aiwatar da ita ba tare da an je kotu an nemi hukunci ba. Cinikin gida, rabon gado, yarjejeniyar dukiya tsakanin ma'aurata, duk ta hannunsa suke bi. Ƙungiyarsu ta duniya, wadda aka kafa a 1948 a birnin Buenos Aires, tana da mambobi daga ƙasashe kusan 90.

To, abin yi a wannan mataki ƙarami ne: nemo dokar notari ta ƙasarka ko jiharka da kanta, tare da littafin ƙa'idojin da hukumar naɗin ke fitarwa, ka karanta daga bango zuwa bango. Kada ka dogara da bayanin kamfanonin da ke tallar kwas da hatimi. Su ciniki suke nema, kuma ƙa'idojin suna sauyawa.

Mataki na biyu: auna kanka kafin a auna ka

Shekaru ba su cika zama matsala ba: 18 a kusan duk jihohin Amurka, 21 a Ingila. Zama a yankin ko yin aiki a cikinsa sharaɗi ne kusan ko'ina. Batun zama ɗan ƙasa ya bambanta. Faransa tana buƙatar ka zama ɗan ƙasarta ko ɗan wata ƙasa ta Tarayyar Turai, amma a Amurka Kotun Ƙoli ta yanke a 1984, a wata ƙara da aka shigar kan dokar jihar Teksas, cewa jiha ba za ta hana baƙo mai izinin zama na dindindin zama notari ba don kawai bai zama ɗan ƙasa ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne tarihin mutum. Duk wanda aka taɓa samu da laifin zamba, jabun takardu ko cin amana, ƙofar kusan a rufe take gare shi, kuma dalilin a fili yake. Ƙananan laifuffuka da suka daɗe kuwa sau da yawa ana duba su a wuce. Abin da ba a yafewa shi ne ɓoyewa. Idan fom ya tambaye ka ko an taɓa yanke maka hukunci, ka faɗa, ka haɗa da bayani da takardun kotu. Za su bincika, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya yi ƙarya a takardar neman zama mai shaidar gaskiya ya riga ya amsa wa hukuma tambayarta.

Lauya mai nema a ƙasashen hanya ta biyu ya duba abu biyu tun da wuri: ko ya biya kuɗin izinin aikinsa na shekara-shekara ba tare da giɓi ba, da ko akwai wani ƙorafi a kansa a gaban kwamitin ladabtarwa. Za kuma a nemi manya a harkar shari'a su shaidi halinsa a rubuce. Wannan ba abin da ake haɗawa a mako ɗaya ba ne.

Mataki na uku: karatu da jarrabawa

A Kalifoniya, wadda take cikin jihohi masu tsanani, sai ka yi kwas na awa 6 a wurin da hukuma ta amince da shi, sannan ka zauna rubutacciyar jarrabawa. Fulorida awa 3 take nema, ba jarrabawar jiha. Niyok tana da jarrabawa amma ta ɗauke wa lauyoyinta. Akwai jihohin da fom da kuɗin rajista kawai suke nema. A ganina wannan sauƙin tarko ne, domin doka ba ta rage maka alhaki don ba a koyar da kai ba. Ko jiharka ba ta tilasta ba, yi kwas ɗin.

A Ingila, bayan ka nuna ka ƙware a manyan fannonin doka, za ka yi kwas na shekara 2 a jami'ar UCL da ke Landan, inda ake koyar da dokar Rum, da dokokin da ke aiki idan lamari ya shafi ƙasa fiye da ɗaya, da aikin notari kansa. Bayan an ba ka izini kuma za ka yi shekara 2 ƙarƙashin kulawar wani tsohon hannu yana duba aikinka. A Faransa lissafin yana kaiwa kusan shekara 7 bayan sakandare: digiri na biyu a fannin doka, sannan makarantar horar da notari haɗe da shekara 2 na koyon aiki a ofis. A Jamus sai ka ci manyan jarrabawar doka guda biyu na ƙasa, kuma gurabe a ƙidaye suke, sai wani ya sauka ko an buɗe sabo. A Japan ma notari kusan 500 ne kacal, akasarinsu tsofaffin alƙalai da masu gabatar da ƙara.

Ga mai shirin jarrabawa irin ta Amurka, tambayoyin ba na zurfin tunani ba ne, na haddar ƙa'ida ne: kwana nawa aka ba ka ka sanar da sauya adireshi, wane katin shaida ake karɓa, tarar nawa ke kan wane laifi, me ya bambanta wannan nau'in shaida da wancan. Rubuta alƙaluman a takarda ɗaya ka yi ta bita. Kuma duk abin da ka haddace don jarrabawa shi ne dai zai cece ka a bakin aiki, saboda haka kada ka yar da takardar.

Mataki na huɗu: fom, bincike, lamuni

Cike fom ba ya buƙatar dogon bayani, sai abu ɗaya. Sunan da ka rubuta shi ne zai hau hatiminka, kuma da shi za ka riƙa sa hannu har ƙarshen wa'adinka. Zaɓi yadda yake a katin shaidarka, kada ka taƙaita a nan ka tsawaita a can. Wasu wuraren za su ɗauki zanen yatsunka su aika wa hukumomin tsaro, sai ka jira makonni.

Lamuni shi ne abin da sababbi suka fi fahimta a baibai. Jihohin Amurka da dama suna neman ka kawo takardar lamuni daga kamfanin da ke tsaya wa mutane: dala 15,000 a Kalifoniya, 10,000 a Teksas, 7,500 a Fulorida, Niyok kuwa ba ta nema. Ba wai za ka ajiye waɗannan kuɗi ba ne. Ɗan abu kaɗan za ka biya kamfanin, shi kuma ya yi alkawarin biyan duk wanda kuskurenka ya cutar, har zuwa wannan adadi. Sai dai ka lura da kyau: jama'a lamunin yake karewa, ba kai ba. Idan kamfanin ya biya wani, kanka zai dawo ya karɓi kuɗinsa har sisin ƙarshe. Abin da ke kare ka shi ne inshorar kuskuren aiki, wadda dabam ake saye. A Amurka galibi ganin dama ce, a Ingila dole ce, a Faransa kuwa ban da inshora akwai asusun haɗin gwiwa da duk notarin ƙasar ke zuba kuɗi don biyan wanda ɗayansu ya cuta. Wanda zai taɓa takardun gida ko na gado ba tare da inshora ba ya ɗauki kasadar da ba ta da dalili, domin sa hannu ɗaya na jabu kan takardar gida yana iya jawo ƙarar da ta ninka lamunin sau goma.

Mataki na biyar: rantsuwa, hatimi da littafi

Takardar naɗi ta iso ba yana nufin ka fara aiki ba. Sai ka yi rantsuwar kama aiki, kuma tana da wa'adi. A Kalifoniya kwana 30 ne daga ranar da naɗin ya fara: ka kai rantsuwarka da takardar lamuni ofishin magatakardan gundumarka, in ka wuce ko da kwana ɗaya naɗin ya ɓaci, sai ka sake nema. A Faransa a gaban kotu ake rantsuwar.

Daga nan sai hatimi. Yana ɗauke da sunanka, yankin ikonka, a wurare da yawa har da lambar naɗi da ranar ƙarewar wa'adi. Ranar da aka kawo maka shi, buga shi a farar takarda ka duba harafi-harafi ka gwada da takardar naɗinka, domin lamba ɗaya da ta kauce tana iya sa a dawo da duk abin da ka buga. Idan na tawada ne, ka tabbata yana fita sarai a hoton kwafi. Kada ka buga shi a kan rubutu ko a kan sa hannun wani. Kuma hatimin naka ne kai kaɗai, ko da ofishin da kake aiki ne ya biya kuɗinsa. Ba a barinsa a aljihun tebur a buɗe, ba a ba sakatare ya buga maka don kana sauri, maigidanka ma ba shi da hurumin riƙe shi ranar da ka bar aiki.

Ka san iyakar yankinka. A watan Agustan 1923, da labarin rasuwar shugaban Amurka Warren Harding ya iske mataimakinsa Calvin Coolidge cikin dare a gidan mahaifinsa a jihar Bamont, mahaifin nasa, wanda notari ne, shi ya rantsar da shi a hasken fitilar kananzir. Amma da ya koma Washington sai da wani alƙalin tarayya ya sake rantsar da shi, saboda an yi shakkar ko notarin jiha yana da ikon rantsar da shugaban ƙasa. In an yi wa rantsuwar shugaban ƙasa wannan tambaya, takardarka ma za a yi mata. Abin da ake dubawa shi ne inda kake tsaye lokacin da ka buga hatimi. Takardar tana iya tafiya ko'ina a duniya, amma kai ba za ka tsallaka iyaka da hatiminka ka yi aiki a can ba.

Littafin rajista kuwa, ko doka ba ta ce ka riƙe ba, riƙe shi. Ya zama ɗinkakke mai lambobin shafi, wanda in an yage takarda za a gane. Kowane aiki layinsa: rana da lokaci, irin takardar, irin shaidar da ka yi, sunan mutum da adireshinsa, wane kati ya nuna da lambarsa da ranar ƙarewarsa, kuɗin da ka karɓa, sannan ya sa hannu. Kalifoniya tana ƙara dangwalen babban yatsa idan takardar ta shafi gida ko fili ko wakilci. Niyok, tun 2023, tana so a ajiye bayanan shekara 10. Bayan shekara shida, in lauya ya tsayar da kai a kotu ya ce ka tuna wata mata da ta zo wata ranar Talata, ba za ka tuna ba. Littafin ne zai amsa. Cike shi kafin ka buga hatimi, domin da zarar mutum ya karɓi takardarsa ƙofa yake nema.

Zaman kansa

Nan aikin yake, bari mu daɗe a kai.

Sharaɗin da ba ya lanƙwasuwa shi ne mai sa hannu ya kasance a gabanka, sai fa a shaida ta bidiyo da doka ta tsara, wadda za mu zo kanta. Gani ya kori ji. Ba ta waya ba, ba ta bakin matarsa ba, ba don ka san sa hannunsa ba.

Karɓi katin shaidar a hannunka, kada ka leƙa shi a cikin jaka. Dubi hoton, ɗago ka dubi fuskar, ka sake duban hoton. Kula da abin da ba ya sauyawa da sauri, kamar kunnuwa da tazarar idanu, ka bar gashi da gemu. Lissafa shekarun haihuwa ka ga ko sun dace da wanda ke zaune. Shafa katin da yatsa ka ji ko an ɗaga ledarsa a gefen hoton. Duba ranar ƙarewa. Sannan gwada sunan da ke katin da wanda ke takardar: in takardar ta ɗauki suna uku katin ya nuna biyu, ba ka da hujjar shaida na ukun. Wanda ba shi da kati, dokoki da yawa sun yarda amintattun shaidu su rantse cewa sun san shi, amma bi ƙa'idar yankinka sak.

Sai ka duba takardar. Ba aikinka ba ne, in ba a tsarin Faransa kake ba, ka tabbatar da gaskiyar abin da ke ciki. Amma ka ƙirga shafuka, ka tabbata babu gurbin da aka bari fayau wanda za a cike bayan ka buga. In akwai, mai takarda ya cike ko ya ja layi a kai.

Bayan haka ka gano irin shaidar da ake nema, domin manyan guda biyu ba ɗaya ba ne. A shaidar iƙirari, mutum yana iya zuwa da takardar da ya riga ya sa wa hannu, ya furta a gabanka cewa hannunsa ne kuma da son ransa ya sa. A shaidar rantsuwa kuwa dole ya sa hannu kana kallo, kuma ka rantsar da shi da baki cewa abin da ke ciki gaskiya ne. Da baki, a bayyane, ya amsa ka ji. Mutane da yawa suna tsallake wannan don suna jin nauyi, alhali in ba a yi rantsuwar ba, ba za a iya kama mai ƙarya da laifin rantsuwar zur ba. Wanda imaninsa bai bar shi ya rantse ba, ana karɓar tabbaci mai ƙarfi daga gare shi, kuma hukuncinsu ɗaya a doka. Idan takardar ba ta nuna wace ake so ba kuma kai ba lauya ba ne, kada ka zaɓa masa, ya tambayi inda zai kai ta.

Abu mafi wuya shi ne auna hankali da yardar rai. Ɗauki misali: wani mutum ya shigo da mahaifiyarsa tsohuwa, riƙe da takardar da za ta ba shi ikon juya dukiyarta. Ka tambaye ta sunanta, shi ya amsa. Ka tambaye ta ko ta san abin da ta zo yi, ya ce, "Ta sani, mun yi magana a gida." A nan sai ka ce masa cikin ladabi, "Malam, don Allah ɗan ba mu wuri, ƙa'idar aikin ce in gana da Mama ita kaɗai." Bayan ya fita, kada ka yi mata tambayar da amsarta i ko a'a ce, domin tsoho mai kunya ko mai tsoro i zai ce wa komai. Ka ce, "Mama, faɗa mini da bakinki, wace takarda ce wannan? In kin sa hannu, me zai faru da gidanki?" In ta ce takardar asibiti ce, ko ta yi ta waigen ƙofa, ko ta ce ita dai an ce ta zo ta dangwala, to ka rufe littafinka. Ba likita ba ne kai, ba kuma ka zargi ɗan da komai ba. Iyakarka ka ce ba ka gamsu ba, ka rubuta a littafi cewa ka ƙi da dalilinka. Zai yi fushi, watakila ya ce zai je wani wuri. Ya je.

Haka in ba ka jin harshen mai sa hannu. Wurare da yawa ba su yarda ka dogara da tafintan da ya zo da shi ba, musamman in tafintan yana da riba a cikin lamarin. Tura shi wurin notarin da ke jin harshensa.

In komai ya daidaita, cike bayanin shaidarka da hannunka: wurin da kuke, ranar yau, sunan wanda ya bayyana. Ranar yau, ba ta jiya ba, ko da an ce wa'adi ya ƙare jiya kuma kwana ɗaya ne kawai. Sa hannu, buga hatimi.

Masu kai mutum rami

Baƙo ba ya cika jefa notari a matsala. Na gida ne ke yi: abokin da ya ce matarsa tana mota da jariri, maigidan da ya ajiye maka tarin takardu ya ce abokan ciniki sun riga sun sa hannu, ɗan'uwan da ya ce ai ka san hannun Baba. Ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. A 2010 aka bankaɗo yadda ma'aikatan wasu manyan bankunan Amurka ke sa hannu kan dubban takardun rantsuwa na ƙwace gidajen masu bashi ba tare da sun karanta ba, notari kuma suna bugawa ba tare da sun ga kowa ba. A 2012 bankuna biyar suka amince da sulhun dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Waɗanda suka buga hatiman ƙananan ma'aikata ne da aka ce musu haka ake yi a nan, amma sunansu ne a kan takardun.

Kada ka shaidi takardar da kake da riba a cikinta ko sunanka yake ciki. Fulorida ta haramta yi wa mata ko miji, 'ya'ya da iyaye kai tsaye. Ko inda ba a haramta ba, tura su wurin wani. Kuma in kai ba lauya ba ne, kada ka bar baƙin da suka fito daga ƙasashen da notari babban masanin doka ne su ɗauka kai ma haka kake. An sha damfarar masu neman takardun zama ta wannan hanya, shi ya sa jihohi da dama suka tsaurara doka kan yadda notari ke tallata kansa.

Takardun da za su ƙetare, da aiki ta intanet

Hatiminka kaɗai ba ya isar takardar da za ta wata ƙasa. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar birnin Heg ta 1961, waɗanda yanzu sun haura 120, ciki har da Sin da ta shiga a 2023 da Kanada a 2024, suna amfani da shaida guda mai suna afostil. Ba kai ke ba da ita ba. Wata hukuma ce za ta gwada sa hannunka da hatiminka da samfurin da ke wurinta, in sun dace ta manna tata shaidar. Saboda haka ka tabbata samfurinka yana wurinsu, kuma kada ka sauya salon sa hannunka. Ƙasar da ba ta cikin yarjejeniyar, takarda sai ta bi ta ma'aikatar harkokin waje sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ta.

Shaida ta bidiyo kuma ta zauna da gindinta. Jihar Bajiniya ce ta fara yin dokarta a 2011, annobar korona ta 2020 ta sa akasarin jihohin Amurka suka bi, dokar Nijeriya ta 2023 ma ta amince da shaida ta na'ura. Amma wannan ba kiran bidiyo na waya ba ne. Yawanci sai ka yi rajista ta dabam, ka samu hatimi da sa hannu na na'ura, ka yi amfani da manhajar da hukuma ta yarda da ita, kuma a naɗi zaman a adana na shekaru.

Kuɗi, sabuntawa da ajiye aiki

A yawancin jihohin Amurka doka ce ke ƙayyade abin da za ka karɓa: dala 15 kan kowane sa hannu a Kalifoniya, 10 a Fulorida, 2 kacal a Niyok. Da wannan ba a riƙe gida. Masu cin abinci da aikin su ne masu bin mutane har asibiti, gidan yari ko ofis suna karɓar kuɗin tafiya, da waɗanda suka ƙware a takardun bashin sayen gida. Faɗi kuɗin tafiyar tun kafin ka tashi, kuma ka raba shi da kuɗin shaida a rasit. Ga lauya, hatimin ƙari ne kan aikinsa, yana jawo masu hulɗa da ƙasashen waje. A Faransa gwamnati ce ke tsara farashin yawancin ayyukan, kuma kaso mafi tsoka na abin da mai sayen gida ke biya a ofishin notari haraji ne da ake karɓar wa hukuma.

Wa'adin naɗi shekara 4 ne a jihohin Amurka da yawa, wasu har 10, shekara 5 a Indiya, a Ingila kuma kowace shekara ake sabunta izinin aiki. Fara shirin sabuntawa wata shida kafin ƙarewa, domin duk abin da ka buga bayan ranar ƙarewa laifi ne a kanka. In ka sauya adireshi ko suna, sanar da hukuma cikin wa'adin da ta sa. In hatimi ko littafi ya ɓata, sanar nan take a rubuce ka ajiye kwafin wasiƙar.

Ranar da ka ajiye aikin, lalata hatimin yadda ba zai sake buguwa ba: ɓare robar ka yayyanka ta, na ƙarfe kuma a goge fuskarsa. Littattafan ba a ƙona su. A Kalifoniya kwana 30 aka ba ka ka miƙa su ga magatakardan gunduma, in notari ya rasu kuma mai kula da gadonsa ne zai kai. A Faransa ofishin yana riƙe asalin kowace takarda shekara 75 kafin a mayar da ita gidan adana tarihi na gwamnati.